Soso, katifar iska ko bargon ƙasa: wanne zai tare maka sanyi a hamok?

Daren farko da na kwana cikin daji a hamok, wato gadon ƙyalle da ake ratayawa tsakanin bishiya biyu, ban ɗauki shimfiɗa ko ɗaya ba, buhun barci kawai na riƙe, mai kauri ne sosai, a zatona shi kaɗai ya wadatar. Da farkon dare lafiya lau, na kwanta ina ta jin daɗin yadda abin ke ɗan lilo da ni, sai wajen ƙarfe 2 na farka, ƙirjina da cikina akwai ɗumi har da ɗan gumi, amma bayana da kwankwasona kamar an ɗora ni kan ƙanƙara. Na juya dama sanyin ya koma dama, na juya hagu ya biyo ni, ƙarshe dai rigunan da ke jakata na zazzage na cusa a ƙarƙashina, haka na kai asuba ido biyu. Kuma fa daren ba wani mugun sanyi aka yi ba.

Dalilin mai sauƙi ne. Buhun barci ba shi ke samar da zafi ba, jikinka ne ke samarwa, shi aikinsa ya riƙe iska a cikin audugarsa ko gashin agwagwar da aka cusa masa, wannan iskar da ba ta motsi ita ce ke hana zafin jikinka gudu. To duk inda ka danne da nauyinka ya lafe, iskar ta fita, abin da ya rage tsakaninka da waje ƙyalle ne siriri biyu ko uku. A tanti ƙasa ce ke zuƙe maka zafi, a hamok kuwa iska ce ke ta wucewa ta ƙarƙashinka dare guda, duk ɗumin da ka tara tana kwashewa. Shi ya sa da zarar yanayi ya sauko ƙasa da digiri 20 ko kusa da haka mutane da yawa ke fara jin wannan sanyin bayan, ko da kuwa a ƙasa wannan yanayin ba komai ba ne.

To me za ka sa a ƙarƙashinka? Zaɓin dai huɗu ne: tabarmar soso mai tauri, katifar iska da ake hurawa, wacce ke hura kanta, sai kuma bargon da ake ratayawa ta ƙasan hamok ɗin. Duk na kwana a kansu, kuma abin da na gano shi ne a hamok faɗin shimfiɗa da yadda take zama a wurinta sun fi lambar da aka rubuta a kwalinta muhimmanci, zan dawo kan wannan.

Bari mu fara da lambar tunda ita kowa ke fara dubawa. Ita ce R-value, ma'aunin yadda abu ke hana zafi ratsa shi, in ta yi sama ɗumi ya ƙaru. Da can kowane kamfani da irin awonsa, wani ma kintace kawai yake yi, sai daga 2020 manyan kamfanonin suka koma kan awo guda mai suna ASTM F3340, inda ake matse katifar tsakanin faranti mai zafin digiri 35 a sama da mai sanyin digiri 5 a ƙasa a ga nawa zafi ke ratsawa. Da aka fara wannan awon lambobin wasu sun faɗi sosai, misali katifar Insulated Static V ta kamfanin Klymit da ake rubuta mata 4.4, a sabon awon 1.9 ta samu. Don haka in za ka saya duba ko an rubuta ASTM kusa da lambar, in babu to kar ka ɗauke ta da nauyi. Wani abin amfani kuma, lambobin nan ana haɗa su, in ka ɗora mai 2 kan mai 3 ka samu kusan 5. Amma ka tuna a miƙe ake auna su kan abu shimfiɗaɗɗe, babu iska mai kaɗawa, babu lanƙwasa, babu kafaɗar da ta zame waje, alhali hamok duk waɗannan ne aikinsa.

Tabarmar soso mai tauri ita ce mafi araha kuma mafi rashin matsala. Irin su Z Lite Sol ta Therm-a-Rest da Switchback ta NEMO, dukansu R ɗinsu 2 ne, nauyinsu giram 400 da ɗan wani abu, suna ninkewa kamar takarda mai layi-layi, akwai kuma RidgeRest wacce naɗe ta ake yi kamar tabarma. Ba ta faci, ƙaya ta soke ta ko tartsatsin wuta ya faɗa mata babu abin da zai same ta sai ɗan rami, ruwa ba ya shigarta, da rana ka zauna a kai, in ba ka samu bishiya ba ka shimfiɗa ta a ƙasa. Kuma abin da na fi so da ita, kana iya sa almakashi ka yanka ta yadda kake so ba tare da zuciyarka ta buga ba. A hamok ma taurinta ba ya damun mutum kamar a ƙasa, don ba dutse ko saiwa da za su tokare ka, laushi hamok ɗin ne ke bayarwa, ita ɗumi kawai ake nema a wurinta.

Matsalarta biyu ce. Ta farko gumi. Soson nan ba ya numfashi ko kaɗan, duk tururin da bayanka ya fitar a nan yake tsayawa, na sha tashi da safe in ga ƙananan ramukan tabarmar da ɗigon ruwa a ciki, bayan rigata ya yi danshi, kuma in ka fito cikin iskar asuba da rigar nan sai ka ji sanyin ya ratsa ka har ƙashi. Wasu jikinsu ba ya yin haka sosai, wasu kuma kamar an watsa musu ruwa, in kai mai yawan zufa ne to ka sa wannan a lissafi. Shimfiɗa siririn mayafi mai ɗan gashi-gashi a kai yana ragewa amma ba ya kawar da shi gaba ɗaya. Ta biyu girma, ba ta shiga jaka, dole a waje za ka ɗaure ta, in hanya ta bi cikin sarƙaƙiya reshe ya yi ta kama ta. A nawa jikin, tabarma ɗaya mai R 2 tana kai ni lafiya har wajen digiri 8 zuwa 10 in babu iska mai ƙarfi, ƙasa da haka sai na ninka.

Katifar iska kuma ita ce sarauniyar ɗumi in aka kwatanta da nauyinta. NeoAir XLite NXT tana da R 4.5 kuma ba ta kai tabarmar soso nauyi ba, in ka naɗe ta kamar gorar ruwa take, 'yar'uwarta XTherm NXT kuma R 7.3, ta lokacin ƙanƙara ce. A takarda dai babu gasa. Amma waɗannan don ƙasa aka yi su, kuma hamok yana tona musu asiri. Kaurinsu ya haura santimita 7, to in ka hura ta tam ka ɗora a hamok sai ta ɗaga ka sama, gefen hamok ɗin da ya kamata ya rungume ka ya koma ƙasa da kai, ka ji kamar za ka kife in ka motsa, ita kuma ta ƙi lanƙwasa, ta yi ta neman tsalle ta fita ta gefe. Ledar jikinta santsi, ƙyallen hamok santsi, kai kana juyi a sama, kafin tsakar dare ta karkace ta bar ka rabi a kai rabi a waje.

Maganin da kowa ke bayarwa shi ne rage iska, kuma yana aiki. Ni nakan hura ta ta cika, in kwanta, sannan in miƙa hannu in buɗe bawul kaɗan-kaɗan ina sauraron jikina har in ji ta bi siffar hamok ɗin kwankwasona ya ɗan nutse amma bai taɓa ƙasanta ba, a nan nake rufewa. Sai dai ka sani ɗumin nata daga kaurin iskar yake zuwa, duk iskar da ka rage ka rage R ɗin, in har kwankwaso ya danne ta ya haɗe sama da ƙasa to wurin ya zama ƙofar sanyi. Kuma iskar da ka hura da baki da ɗumi take shiga, in dare ya yi ta huce sai ta tsuke, katifar ta ƙara laushi da kanta, don haka kar ka rage da yawa tun farko. Da yawansu yanzu suna zuwa da 'yar jakar hurawa, yi amfani da ita, danshin numfashi ba ya yi wa cikin katifa kyau.

Ka kuma duba yadda layukan iskar suka kwanta. Masu layi a gicciye irin NeoAir suna lanƙwasa daga kai zuwa ƙafa cikin sauƙi, sun fi bin hamok na yau da kullum. Masu layi a tsaye daga kai zuwa ƙafa, kamar yawancin na Exped, suna naɗowa ta gefe kamar kwalekwale su rungume ka, amma a tsakiya sukan karye su yi tudu a ƙarƙashin gwiwa ko ƙugu. Wasu kuma suna da siririyar leda mai ƙyalli a ciki mai maido da zafi, tana ƙara in ka motsa, wani ba ya ko ji wani kuma ta hana shi barci.

Sai maganar faci. A hamok haɗarin ya ragu tunda ba ta taɓa ƙasa, amma bai tafi ba. Na taɓa samun wata da bawul ɗinta ke tsiyayar iska a hankali, ba ka jin sauti, ba ka ganin komai, sai ƙarfe 3 na dare ka tsinci kanka kan leda shafal, ka tashi ka hura cikin duhu kana rawar sanyi, bayan awa biyu a maimaita. Katifar iska in ta sace ɗuminta ya tafi kusan gaba ɗaya, ba kamar soso ba da ko ya yage yana nan yana aiki. Kayan faci dai kar su bar jakarka.

Mai hura kanta ba zan daɗe a kanta ba. Ita ce wacce Therm-a-Rest suka fara fitarwa a Amurka a farkon shekarun 1970, soso mai laushi ne a cikin leda, ka buɗe bawul ya kumbura ya ja iska da kansa ka ƙarasa da baki biyu uku. Siraran cikinsu, masu kaurin santimita 2.5 zuwa 4, gaskiya sun fi katifar iska zama lafiya a hamok, ba sa ɗaga mutum, suna lanƙwasa, R ɗinsu na kaiwa 2 da rabi zuwa 3 da wani abu, kuma ko sun sace soson ciki na ɗan taimakawa. Nauyi da girma ne illarsu. In da mota za ka je har wurin kwana, ko kana da ita tun da, fara da ita kafin ka kashe kuɗi kan wata.

To yanzu ga maganar da na ce zan dawo kanta. Shimfiɗar da aka saba sayarwa faɗinta inci 20 ne, wato santimita 51. A ƙasa wannan ya isa, don bayanka ne kawai ke taɓa ta, kafaɗu da hannuwa suna cikin buhun barcin da bai lafe ba. A hamok kuwa ƙyallen yana naɗowa ya matse ka ta gefe, ya danne buhun a kafaɗa da damtse da gefen cinya, kuma daidai nan ne shimfiɗar ta ƙare. Sai ka ga mutum ya sayi katifa mai R 7 amma yana kukan sanyi a digiri 10, bayansa kamar tanda kafaɗunsa kamar ƙanƙara. Wallahi na fi yarda da soso mai R 2 mai faɗin da ya rufe kafaɗa a kan mai R 5 da ta bar su waje, matuƙar ba sanyin ƙanƙara ake ba. In za ka sayi sabuwa don hamok nemi mai inci 25, santimita 64 kenan, kuma mai kusurwa huɗu, kar ka ɗauki wacce ta tsuke ta wajen ƙafa, don a hamok a karkace ake kwanciya, kai ta wannan gefe ƙafa ta wancan, diddige ba ya zama a tsakiya.

In kuma kana da siririyar tun da, yi mata fukafukai. Ni abin da na yi, na yanko soso kamar tsawon hannu da ɗan ƙari, na gitta shi a ƙarƙashin katifar daidai kafaɗa ya yi kamar harafin T, gefe da gefe ya leƙo ya bi jikin hamok ɗin sama. Daren da na fara gwada shi na ji bambancin tun kafin barci ya ɗauke ni, damtsen da kullum nake naɗewa a ƙirji don gudun sanyi na sake shi ya kwanta a gefe. Akwai na sayarwa ma, kamfanin ENO sun taɓa fitar da HotSpot, riga ce da ake zura katifa a ciki mai fukafukai a gefe, Klymit kuma suna da Hammock V wacce aka yi ta da fukafukan tun asali da wuraren da ke hana santsi.

Irin hamok ɗinka ma yana da ta cewa, har ma ya fi katifar wani lokacin. Mai ƙyalle ninki biyu yana da buɗaɗɗen gefe da za ka zura shimfiɗar tsakanin ninkin, tana zama daram ba ta bin ka in ka juya, kuma ƙyallen da ya shiga tsakaninka da soso yana rage wannan danshin. In har da shimfiɗa ka yi niyyar rayuwa kuma ba ka sayi hamok ba tukuna, ninki biyu za ka saya, ƙarin nauyin ya biya kansa. Mai sanda a kai da ƙafa, irin Ridgerunner na Warbonnet, shimfiɗarsa miƙaƙƙiya ce kamar gado, katifa na zama a ciki ba gardama. Akwai ma Draumr na kamfanin Amok a Norway wanda ba ya aiki sam sai da katifar iska mai layi a tsaye, don a gicciye ake kwanciya a cikinsa kuma katifar ce ƙashin bayansa. In ninki ɗaya gare ka, wata dabara ita ce ka zura katifar cikin buhun barcin kanta in yana da faɗi, duk inda ka juya tare za ku.

Sai bargon ƙasa, wanda ba shimfiɗa ba ne amma ba a gama wannan maganar ba a ambace shi ba. Bargo ne na gashin agwagwa ko na audugar roba da ake ratayawa da igiyar roba ta wajen hamok ɗin, ya manne a ƙasa. Tunda ba ka kwance a kansa ba ya lafewa, yana rufe baya da kafaɗa da gefe duka, yana numfashi babu gumi, babu abin da ke zamewa, kana jin laushin hamok ɗin yadda aka yi shi. Wajen daɗin kwana babu shimfiɗar da ta kama ƙafarsa, wannan ba na ja. Ba da R ake auna shi ba, da yanayi ne, galibi za ka ga na digiri 4, na -7, da na -18. Amma ya fi su tsada, kuma sai ka koyi ɗaure shi, in ya yi sako-sako ya bar rata ko ta yatsa biyu tsakaninsa da hamok iska za ta shiga ta kwashe komai, in ka ja shi da yawa kuma ka matse gashin. Ka samu wani ya kwanta a ciki kai ka zagaya kana cusa hannu kana gyara igiyar, a haka ake gane shi. Na gashi in ya jiƙe ya tashi aiki, kuma yana rataye a inda feshin ruwan sama ke tasowa daga ƙasa, sai ka sauko da tamfol sosai. Babbar illarsa dai, ranar da ka isa wurin da babu bishiya biyu masu kyau, ko ka hau tudu sama da inda itatuwa ke tsiro, ko aka ce ba a ɗaure igiya a jikin bishiya a wurin, to ba shi da amfani a ƙasa ko kaɗan, ka kwanta a kansa ya lafe kamar buhun barci.

Wannan tambayar ce ke raba gardama a wurina: akwai yiwuwar ka kwana a ƙasa a tafiyar? In babu, kullum cikin itatuwa kake kuma ka tabbata hamok ya zama naka, tara kuɗi ka sayi bargon ƙasa, za ka daina kokawa da dare. In akwai, ko kana raba kwana tsakanin tanti da hamok kuma abu ɗaya kake so ya yi maka duka, katifar iska mai faɗin santimita 64 mai R 4 ko sama, cikin hamok mai ninki biyu, ita ce ta fi. In kuwa yanzu kake farawa ba ka ma san ko za ka so abin ba, kuma yanayin ba zai sauka ƙasa da digiri 10 ba, kar ka wahalar da aljihunka, soso biyu masu araha sun ishe ka, ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye. Ka kuma tuna in tudu za ka hau, kowane mita 1000 yanayi na sauka da kamar digiri 6 da rabi, kuma kwari kusa da ruwa ya fi gangaren tudu sanyi da asuba, don haka hasashen yanayin da ka gani a waya ka rage masa wani abu kafin ka zaɓi abin ɗauka.

Ni yanzu bargon ƙasa gajere nake ɗauka, mai rufe kafaɗa zuwa gwiwa, da guntun soso mai ninki huɗu ko biyar. Soson da rana wurin zamana ne, da dare yana ƙarƙashin ƙafafuna inda bargon bai kai ba, in sanyi ya wuce yadda na zata in jawo shi ƙarƙashin kwankwaso, in kuma dole ta sa na sauka ƙasa in shimfiɗa shi daga kafaɗa zuwa ƙugu in sa jakar baya a ƙarƙashin ƙafa. Duk wanda ka zaɓa dai kar ka fara gwada shi a tsakiyar daji, ɗaura hamok ɗin kusa da gida a dare mai sanyi ka kwana a ciki, ka ajiye guntun soso kusa da hannunka, duk inda sanyi ya fara taɓa ka ka cusa shi a wurin, da safe ka san ko faɗi ne ya gaza ko kauri.